Hujjar da Na Je Nema Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a ƙofar masallaci, har wurin mai shayin bakin makarantarmu a Zariya, kowa sai ya ce, "Malam Isiyaku, yaya mutanen Nijar? Ina tsaraba?" Nakan ce suna gaishe ku, in raba kilishi, in wuce. To, amsar ta gajiyar da ni, domin ba ita ce gaskiyar tafiyar ba. Shi ya sa na zauna in rubuta ta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Shekara ashirin da shida ke nan ina koyar da Turanci a sakandare, saura wata biyar in ajiye aiki. Tun farkon aikina na tsara wani ɗan littafi na kalmomi dubu, na kasa su layi arba'in, kowace kalma da ma'anarta a gefe. Yara su rera layi da safe kamar waƙa, ranar Juma'a in gwada su. Ban taɓa shakkar littafin nan ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wani malamin Turanci daga Maraɗi, Lawali, ya zo Zariya ƙaro karatu, ya kama haya a gidan da ke jikin namu. Ya ga littafin, ya so shi, ya ƙara masa ma'anar Faransanci, ya tafi da shi. Tun daga nan duk ƙarshen zango sai ya kira ni ya ce yaransa sun cinye jarrabawa. Da na yi niyyar a buga littafin sosai kafin in bar aiki, sai wani abokina da ya san harkar ya ce in samo hujja a rubuce cewa yana aiki, har a wata ƙasa. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na ɗauki hutun mako guda, na cika kwali da kwafi ɗari biyu a matsayin kyauta, na kama hanya.

Daga Zariya zuwa Katsina ba abin faɗi sai zafi. Daga Katsina zuwa Jibiya ne motar ta yi tsit saboda tsoron 'yan bindiga. Mu tara ne a ƙaramar mota, kwalina a kan cinyata, wata tsohuwa mai kai wa 'yarta garin kunu a Maraɗi tana jan carbi a kusa da ni, ba wanda ya ƙara tari sai da muka hango shingen sojoji. A bakin iyaka kuma na gane na bar katin allurar rigakafi a aljihun wata riga a gida. Na sha tsayuwa a rana ina bayani, direba yana ta danna oda, tsohuwar nan tana ce wa jami'in, "Ɗana, dubi furfurarsa mana, wannan ai ya gama allura." Da ƙyar aka bar ni.

A Ɗan Isa wani matashin jami'i ya sa na buɗe kwali. Ya zaro kwafi ɗaya, ya dube shi, sai fuskarsa ta washe.

"Wanga littahi ai shi muka yi wajen Mushe Lawali! Kai ka rubuta shi, Baba?"

Na ce ni ne. Nan take ya dunƙule hannu a baya kamar ɗan aji ɗaya, ya zubo layin farko tun daga sama har ƙasa bai tsallake kalma ba. Fasinjoji suka yi ta dariya, ni kuwa kaina ya kumbura. Sai na tambaye shi da Turanci, a hankali, shekara nawa ya yi yana aiki a wurin. Ya yi murmushi ya ce, "Yes, thank you." Ya rufe mini kwali da kansa. A mota na ce wa raina ƙarar injin ce ta hana shi ji.

Lawali ya tare ni a tasha, ya ɗan yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Gidansa a Sabon Gari yake, ya ba ni ɗakin da ke zaure, da katifa da fanka mai tafiya idan an kawo wuta. Matarsa ta aiko da dambu da kwaɗon zogale wanda ya ji ƙuli da albasa, irin wanda ban taɓa ci a Zariya ba. Da safe kuma burodi ne dogo kamar sanda, mai tauri, da na gatsa sai da haƙorina na gaba ya yi ƙara. Hausar garin ta yi kusa da ta Katsinawa, sai dai inda mu muke cusa Turanci su Faransanci suke cusawa. Na nemi biro a shago, mai shagon ya tsaya yana kallona har Lawali ya ce, "Bik yake nuhi." Makaranta lakwal ce, malami mushe, Turanci Angile, littafin rubutu kaye, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu. Makin jarrabawa ma bisa ashirin suke ba da shi, ba bisa ɗari ba, sai da na yi kwana biyu kafin in daina jin sha takwas a matsayin faɗuwa.

Ranar Litinin na bi shi makarantar da yake koyarwa, wata mai zaman kanta a cikin gari. Muna shiga aji yara suka miƙe, ya ɗaga hannu, suka ɗauki layi na ashirin da uku. Kalmar Turanci, ta Faransanci, ta Hausa, murya ɗaya, har da buga tebur. Ban ɓoye muku ba, sai da na juya na goge ido. Abin da na rubuta a kan tabarma a ɗakin gwauro, ga shi ana rerawa a wata ƙasa. Bayan an tashi Lawali ya kawo mini tarin takardun jarrabawa, sha bakwai, sha takwas, sha tara. Na lura tambayoyin layin littafin ne, a jere yadda yake, an dai share ma'anar yaro ya cike. Ban ga aibu ba, domin ni ma haka nake yi. Na ɗauki hotonsu da wayata ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma muna shan fura Lawali ya ce akwai wata malama a Tsibiri, abokiyar karatunsa, ita kaɗai ce cikin abokansa ta ƙi littafin.

"Mu tai ka gan ta, Malam. In ta ji daga bakinka ƙila ta yarda."

Washegari muka hau babur ɗinsa. Tsibiri ba nisa, amma tayar baya ta sace a hanya, muka tura shi cikin yashi har wurin mai faci, na isa makarantar rigata ta manne da baya. Malamar, Madam Barira, mace ce siririya, mai tabarau, ba ta wuce shekara arba'in ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta sa aka kawo ruwa, ta karɓi wayata ta duba hotunan takardun da kyau. Sannan ta ce:

"Baba, ka yi mini izini in yi tambaya?"

Na ce ta yi.

"Waɗanga takardu mi suka nuna? Yaro ya san kalma, ko ya san layi?"

Na ce ai duk ɗaya ne. Ta ce ƙila haka ne, ita ma ba ta sani ba. Ta ce ita tana ba yaranta gajerun labarai ne su karanta, ta tsamo kalmomi kaɗan, bayan kwana uku ta tambaye su ba tare da sun duba kaye ba, bayan mako biyu ta sake. "Amma ban da tabbacin tawa hanyar ta hi taku. Kullum ni ke koyarwa, ni ke tambaya, ni ke ba da maki. Wa zai ce na yi kuskure?"

Lawali ya fara ɗaga murya, ta bar shi ya gama. Sai ta kawo shawara. Ajinta da nasa shekararsu ɗaya. A zaɓi kalmomi talatin da duka biyun suka yi a zangon farko, waɗanda ba a taɓa su ba tun kafin hutu. In saka kowace a cikin gajeriyar jimla, in hautsina jerinsu, yaro ya rubuta ma'anarta da Hausa ko Faransanci. Kada a gaya wa kowane aji tun da wuri. A naɗe sunaye, a gauraya takardu, mu uku mu duba ba mu san ta wa muke dubawa ba.

Na amince tun kafin ta rufe baki. Abin da na ƙudura a raina shi ne ga hujjar da ta fi wadda na zo nema, har da sa hannun mai gardama.

Laraba da safe aka yi a Maraɗi, da hantsi aka yi a Tsibiri. A ajin Lawali na ga abin da ya fara sanyaya mini jiki. Yara suna duba jimla, sai leɓɓansu su fara motsi, suna ƙirga da yatsa, suna rero layin tun daga sama don su iso kan kalmar. Wata yarinya a gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wagga a layi na nawa take?" Lawali ya kau da kai.

Bayan azahar muka zauna a ofishin Madam Barira, takardu a tsakiya, kowa da jan bik. Muka fara dubawa. Takarda ta uku da na ɗauka, a jimlar da ta ce babbar mota tana kan bridge, yaron ya rubuta kogi. Na wuce. Ta bakwai ma kogi. Ta tara ma haka. Sai na tuna a littafina kalmar kogi ce ke bin kalmar gada a layi na sha biyu. Yaran sun isa unguwar, sun shiga gidan maƙwabci. Haka na yi ta gani, lend ta zama saya, heavy ta zama mara nauyi, kowace kalma ta ari ma'anar wadda ke kusa da ita.

Da muka gama muka warware sunaye. Mafi yawan yaran Lawali, waɗanda ke cin sha takwas bisa ashirin, ba su samu kashi ɗaya cikin uku ba. Na Madam Barira sun fi su, amma su ma da ƙyar suka haura rabi. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Na yi zaton za ta ji daɗi, sai na ga ita ma fuskarta ta faɗa.

"Na ɗauka nawa sun hi haka," in ji ta. Can ta ƙara da cewa, "Baba, kada ka ɗauki wanga da zahi. Aji biyu ne kawai, rana guda. Ƙila yarana sun bambanta da nashi tun asali. Sai an maimaita a wurare da dama kahin a ce an sani."

Gaskiya ta faɗa, kuma don ta sauƙaƙa mini ta faɗe ta. Amma abin da ya dame ni ba makin ba ne. Wannan ɗan gwajin takarda da bik da wuni ɗaya kawai ya ci. Shekara ashirin da shida ina da takarda, ina da bik, ina da yara a gabana, ban taɓa yi ba. Duk Juma'a ina tambayar yara abin da na san za su iya, ina karɓar amsa ina jin daɗi.

Muka kama hanyar komawa, Lawali na tuƙi har muka shigo gari. Ya tsayar da babur a bakin titi, bai juyo ba, ya ce, "Jarrabawar ce ta zo musu ba shiri. Gobe in kai ka Jiratawa ka ga Sabi'u, tsohon ɗalibina. Shi ya haddace dubun nan duka, gaba da baya. In ka gan shi hankalinka zai kwanta."

Jiratawa ta ba ni mamaki. Ka baro gari busasshe, sai ka faɗo cikin kore, ruwa na bin magudanai, zogale jere-jere, ga albasa, ga tattasai, mata na tsinkar ganye suna cika buhuna. Muka samu Sabi'u a gonar mahaifinsa, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ƙafafunsa cikin taɓo har ƙauri. Da Lawali ya gaya masa ko ni wane ne, sai ya saki fartanya, ya wanke hannu a magudana, ya kama hannuna da nasa biyu ya ƙi saki. Ya shimfiɗa mana buhu a inuwa, ya ruga ya kawo kankana.

Lawali ya ce, "Sabi'u, ba Malam layi na talatin da takwas."

Ya bayar. Lawali ya ce ya ba da na biyar daga ƙasa zuwa sama, ya bayar, shekara huɗu bayan barin aji. Lawali ya dube ni. Ni kuwa na tambayi yaron me ya sa yake gona, da irin wannan kai.

Ya sunkuyar da kai yana wasa da ɓawon kankana. Ya ce bara wata ƙungiya mai aikin rijiyoyi ta nemi matasa masu jin Turanci da za su riƙa yi wa baƙinta tafinta a ƙauyuka. Duk Jiratawa aka ce ai aikin Sabi'u ne. Mahaifinsa ya raka shi har ƙofar ofishin a Maraɗi, ya zauna a waje yana jira. Ya shiga, wata mata ta yi masa magana, ya ji kamar ruwa na zuba a kwano. Ta maimaita a hankali. Ya tsinci kalma biyu da ya sani, kafin ya nemo su a layinsu ta riga ta yi wata tambayar. Aka ba shi takarda ya karanta, kusan kowace kalma ya san ta ita kaɗai, amma ya kasa faɗin abin da takardar ke cewa.

"Minti biyar ban yi ba suka ce in tahi. Na hito na iske Baba ya miƙe tsaye yana murmushi."

Lawali ya ce, "Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Kunya na ji, Mushe. Kun yi ƙoƙarinku. Kaina ne bai ja ba."

Na ce masa, "Sabi'u, saurara. Ba kanka ba ne. Kai da ya riƙe kalma dubu shekara huɗu ba a ce bai ja ba. Hanyar da na tsara ce ba ta kai inda na ce tana kaiwa. Laifina ne."

Ya yi dariya irin ta yaro mai ladabi idan babba ya yi masa kara. "A'a, Baba, kada ka ce haka. Littahi ba shi da laihi. Ni yanzu ma da shi nike koya wa ƙannena, kullum bayan la'asar. Sun kai layi na tara."

Na sake bayani, na ba shi labarin jarrabawar jiya. Yana ta gyaɗa kai yana cewa to, to, amma na ga maganar ba ta shige shi ba. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci tun bara, ya saba da shi. Muna nan zaune wani ɗan kasuwa daga kudancin Najeriya ya zo duba albasa, kawun Sabi'u, dattijon da bai taɓa taka lakwal ba, ya tare shi da guntun Turancin da ya tsinta a bakin masu saye, suna ciniki suna dariya. Sabi'u yana gefe yana kallo, bai sa baki ba.

Ranar Juma'a na je yi wa daraktan makarantar Lawali sallama. Na ajiye masa takardun gwajin, na gaya masa komai, na ce ina ganin kada a raba kwafin da na kawo. Ya saurare ni da mutunci, ya ɗan juya takarda biyu, ya tura mini su.

"Malam, iyaye na zuwa nan su tsaya bakin taga. In sun ji yara na rera Angile, sai su tahi da murna. In sun ga sha takwas, su kawo ƙannen. In na nuna musu waɗanga, mi zan ce? Ka bar mana littahin, Allah ya saka."

Na dubi Lawali. Idonsa na ƙasa. A waje ya ce mini, "Shekara goma sha ɗaya, Malam. Yara nawa? In na yarda da takardun nan, da wane ido zan dubi garin nan?" Tambayar da nake yi wa kaina ke nan, kuma shekarun da na yi da littafin sun ninka nasa. Kwalin ya zauna a ofishin darakta. Ban ɗauke shi ba, kuma ba zan ce an hana ni ba.

Madam Barira ta kira ni ina tasha. Ta ce za ta sake gwajin a zango mai zuwa da wani aji, in ta samu malamin da zai yarda, amma ta tambayi biyu sun ƙi. Lawali ya saya mini kilishi, ya riƙe ƙofar mota har ta tashi. Ba mu ƙara ta da maganar ba, kuma tun da na dawo bai kira ba.

Na iso Zariya ranar Asabar. Lahadi na wuni ina tunanin abin da zan canza, na rubuta na yaga, na rubuta na yaga. Abin da Madam Barira ke yi na ji shi ne a baki cikin rabin sa'a, ban san yadda ake gina shi ba, ita kanta ba ta gamsu da shi ba, ga jarrabawar ƙarshen shekara ta matso, ga wata biyar kawai suka rage mini.

Litinin da safe na shiga ajina. Ina sa ƙafa yara suka miƙe suka ɗauki layin makon, yadda na hore su. Na ɗaga hannu na ce su tsaya. Suka yi shiru, fuska sittin da wani abu, suna jiran abin da zan kawo a madadinsa. Na ɗauki alli, na juya ga allo, na tsaya. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Wani a baya ya yi tari. Shugabar aji ta ce a hankali, "Malam, lafiya?"

Na ajiye allin na ce, "Ku ci gaba daga inda kuka tsaya."